Yadda ake koyon siffanta wuri da mutum a ƙagaggen labari

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina rubuta labari daga nan Kano, ina sakawa a WhatsApp da Wattpad. Hira tsakanin jarumai ba ta ba ni wahala, amma da na zo siffanta gida ko kasuwa ko mutum sai in kakare. In na taƙaita a ce ba a ga wurin ba, in na tsawaita masu karatu su ce sun tsallake. Wane irin atisaye zan riƙa yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Koke biyun nan tushensu ɗaya ne. Wanda ya ce bai ga wurin ba da wanda ya tsallake, dukansu sun ci karo da bayanin da aka gada daga wasu littattafai, wanda idon marubuciya bai taɓa sauka a kansa ba. Kin san irinsa. Jaruma doguwa ce fara, mai dara-daran idanu da dogon hanci, gashi har gadon baya. Falo ya haɗu iya haɗuwa, kai ka ce ba a ƙasar nan ba, tsayawa faɗar kyansa ɓata lokaci ne. Mai karatu ya ga wannan sau ba adadi, shi ya sa idonsa yake zamewa a kai ba ya kama komai. Ki gwada da rubutunki: ki ɗauke sakin layin da kika siffanta wani wuri, ki saka shi a cikin wani labari dabam. In ya zauna daram ba tare da an sauya ko kalma ɗaya ba, to bai yi wa labarinki aikin komai ba.

Kafin ki siffanta kowane wuri, ki fara sanin wa ke kallonsa, kuma me ke damunsa a wannan lokacin. Mutum ba ya ganin duk abin da ke gabansa, abin da ya shafi buƙatarsa yake gani. Mu ɗauki Kantin Kwari. Ga yayar ango, an ba ta kuɗin haɗa lefe, ta kuma san ba za su isa ba:

"Ta bi layin tana rungume da jakarta. Atamfofi jere tun daga ƙasa har rufi, amma idonta na kan waɗanda aka tara a bakin ƙofa. Yaron shagon ya zaro turmi ɗaya daga sama ya warware mata gefensa. Ta murza shi tsakanin yatsu biyu, ta ji kaurinsa, ta saki ba ta tambayi kuɗi ba."

Ga kuma ɗan dako a wannan layin, a wannan sa'ar:

"Dila ta danne masa wuya, ƙafafu kawai yake gani: silifas, sau-ciki, bakin hijabi yana sharar ƙasa, ledar ruwa da aka taka ta fashe. 'Hanya! Hanya!' Ya san inda murfin kwata ya karye, ya tsallake shi bai ko duba ba."

Ba a ce kasuwar babba ce ba, ba a ce ta cika maƙil ba, amma an ji cunkoson. An kuma san matar ba ta da isassun kuɗi, an san ɗan dakon ya daɗe yana wannan aikin, alhali babu jimlar da ta faɗi haka. Siffantawar da ta yi aiki biyu a lokaci guda, ta nuna wuri ta kuma tona halin mai kallo, ita ce ba a tsallakewa. Atisayen farko ke nan: wuri ɗaya, mutum uku, kowanne kalma 60 zuwa 80, kuma kada abin da ɗaya ya gani ya maimaitu a wajen ɗayan.

Sai dai ba za ki iya zaɓar abin da jaruminki zai gani ba in ke kanki ba ki tara ba. A nan ne aikin yake, kuma a nan yawancin masu koyo suke ja da baya, don ba a zaune a ɗaki ake yinsa ba. Ki ware minti 20, ki zauna a wuri ɗaya, ki rubuta abu 30 da suke wurin. Sharaɗi ɗaya ne: babu kalmar yanke hukunci. Babu kyau, babu muni, babu tsafta ko ƙazanta, babu haɗuwa. Abin da ke wurin kawai da abin da yake yi. Goman farko kowa zai iya rubuta su ko bai zo ba: mutane, motoci, rana, hayaniya. Daga wajen na goma sha biyar ido yake gajiya da manyan abubuwa ya koma kan ƙanana, kuma su ne masu amfani: igiyar da aka ɗaure ƙafar benci da ita, lambar wayar mai gyaran famfo da aka rubuta da gawayi a bango, yadda mai shayi yake ɗaga kofi sama yana tsiyaya don ya huce. In kika tashi a na goma sha biyu, kin tashi kafin a fara.

Ba lallai sai kin je nesa ba. Soron gidanku ya isa, da tsakar gida lokacin ɗora sanwa, da layin awo a asibiti, da gidan suna, da cikin Adaidaita Sahu in an tsaya a danja. In a cikin jama'a ne ki rubuta a waya, domin mai riƙe da littafi da biro yana kallon mutane yakan jawo zargi, masu wurin su tsargu su daina abin da suke yi. Kada ki ɗauki hoton kowa ba izini. Hoton ma ba ya maye gurbin zaman, don ba ya ɗaukar wari ko zafi.

Ki raba talatin ɗin: goma na ido, goma na kunne, goma na hanci da fata da harshe. Kashi na ukun shi ne zai ba ki wahala, shi ne kuma ya fi kama mai karatu. Hausa ba ta rage mu da komai ba a nan. Bayan ƙamshi da wari muna da ƙarni na ɗanyen kifi da jini da ƙwai, da ƙauri na abin da ya ƙone, da zarni na lungun da ake fitsari, da hamami. A baki akwai bauri irin na ɗanyen goro, da garɗi, da galmi, da lami, da zartsi na ruwan wasu rijiyoyi. A hannu akwai kaushi da santsi da danƙo da yauƙi da gautsi. Marubuciyar da ta ce kasuwar kifi tana wari ta bar kalmar da ta dace a gida.

In kina son wurin da zai horar da dukkan gaɓoɓin nan a zama ɗaya, ki je marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498. Wanda bai je ba zai rubuta cewa ana rina tufafi su yi shuɗi. Wanda ya zauna a bakin karofi zai ga ramukan a jere, wasu a rufe, wasu sun bushe an daina amfani da su. Zai ga kumfar da ke saman ruwan baba tana wani ƙyalli, ya ji tsamin baba da toka da kanwa da suka kwana suna ruɓa. Zai ga marini a zaune ya sunkuya, da doguwar safar roba a hannu, yana tsoma zane yana ɗagawa, yana tsomawa yana ɗagawa. Zai lura cewa zanen ba shuɗi yake fitowa ba: kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya juye a gaban idonsa, kuma yawan tsomawar ne yake sa launin ya yi duhu. Daga gefe kuma zai riƙa jin mabuga, guduma biyu na katako suna sauka a kan gungume bi da bi, ɗaya na sauka ɗaya na tashi. Wannan juyewar launi kaɗai, in kika sa ta a idon yarinyar da aka aiko karɓar rini, ta fi shafi guda na tarihin marinar. Ki gaida masu wurin, ki faɗa musu abin da ya kawo ki, ki yi tambaya. Masu sana'a suna son a tambaye su sunan kayan aikinsu.

Sunan abu kuwa rabin siffanta shi ne. "Wani abu da ruwa ke zubowa daga rufi" jimla ce mai rauni, indararo kalma ɗaya ce. Gidan ƙasa na cikin Birni yana da soro da shigifa da turaka, rufinsa azara ce ta giginya, a samansa akwai zanko, a ƙofa akwai dakali, a tsakar gida akwai randa da moɗa da murhu da rariya. Ki ware shafi a littafinki don kowace sana'a da labarinki ya taɓa: ɗinki, dukanci, fawa, tuyar ƙosai, gyaran waya. Ki tambayi tsofaffin gidanku, su ne suka fi riƙe sunayen. In kika ji kalma kina shakka, ki duba Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, ko na Bargery na 1934 don tsofaffin kalmomi. Amma ki kiyaye: in abin a bakin mutanen Kano firij ne ko janareto ko soket, haka za ki rubuta shi. Ƙirƙiro masa doguwar Hausa da babu mai faɗa yana fitar da mai karatu daga cikin labari. Kalmar da ta tsufa ƙwarai kuma ki sa ta a inda aikin da take yi zai bayyana ma'anarta, kada ki tsaya fassara.

Bayan suna sai aikatau, kuma a ganina nan ne gyara ya fi saurin nunawa. Ki buɗe babi ɗaya na labarinki ki ja layi a ƙarƙashin kowane "ya tafi", "ta zauna", "ya kalle ta". Za ki sha mamakin yawansu. Mutum yana iya sanɗa, ko ɗingishi, ko sassarfa, ko rangaji, ko tangaɗi, ko jan ƙafa. Yana iya ɗosana a bakin kujera, ko ya harɗe, ko ya kishingiɗa, ko ya tsuguna, ko ya gurfana, ko ya yi zaman dirshan. Yana iya harara, ko leƙe, ko hange, ko satar kallo, ko ya tsura ido. Baƙon da ya ɗosana a bakin kujera ya riga ya gaya mana matsayinsa a gidan. Atisayen shi ne ki ɗauki aiki ɗaya, a ce shigowa ɗaki a ajiye kwanon abinci, ki rubuta shi sau shida: amarya a satinta na farko, uwargida da aka ɓata wa rai, 'yar aiki, ɗan auta, tsohuwa mai ciwon gwiwa, da wadda ta zo neman alfarma. Jimla biyu kowanne, ba sifa ko ɗaya. In aka karanta ba a gane wace ce wace ba, ki sake.

Amsa-kama kuma kamar yajin tsire take, kaɗan ake barbaɗawa. Fari fat, baƙi ƙirin, ja wur, kore shar, jiƙe sharkaf, duhu dunɗum: waɗannan sun zama abokan tafiyar kalmominsu har ba a jin su sosai. Masu ƙarfin su ne waɗanda suke kawo motsi ko sauti, irin su cakwal-cakwal a cikin taɓo, tinƙis-tinƙis da kaya a ka, zumbur, tsamo-tsamo, jugum. Ɗaya a sakin layi ta isa, kuma ki ajiye ta a ƙarshen jimla inda za ta faɗo da nauyinta. Uku a jere suna mayar da wurin makoki ya koma kamar tatsuniya. Haka kamance: in za ki ce wani abu kamar wani abu ne, ki ɗauko shi daga duniyar mai kallon. Tela da kayan ɗinki zai kwatanta, mahauci da nama. Yarinyar da ba ta taɓa fita daga Kano ba ba za ta kwatanta sanyi da dusar ƙanƙara ba.

Yanzu dalilin da ya sa ake tsallake miki. Ki lura da yadda Hausa take tafiyar da labari: "ya shiga, ya zauna, suka gaisa, ta miƙo ruwa". Wannan jerin shi ne ƙafar labari. Da kin koma "akwai", "yana da", "mai kaza ce", labari ya tsaya cak, kuma mai karatu yana jin tsayuwar ko bai san nahawu ba. Jimla biyu zuwa uku zai iya jira. Daga nan sai ya zura yatsa ya gangara neman inda aka buɗe alamar magana. Maganin shi ne ki rataya kowane bayani a jikin wani aiki. Maimakon "Ɗakin yana da labule kore da tsohuwar fanka da katifa a ƙasa", ki ce ta yaye koren labulen, ta murɗa fanka ta ji ba wuta, ta zube a kan katifar da ke ƙasa. Kayan ɗakin duk sun fito, labarin bai tsaya ba, an ma ƙaru da sanin cewa Nepa sun ɗauke. Ki ɗauki tsohon babinki ki yi wa kowane "akwai" wannan aikin. Ba duka za su juyu ba, kuma waɗanda suka ƙi juyuwa galibi su ne ba a buƙata.

Ki kuma bi tsarin da ƙafa take bi. Mai shiga gida ƙofa yake fara gani, sai soro, sai ya yi sallama, sai tsakar gida. In kika fara da gadon uwar ɗaka sannan kika dawo kan fentin waje, hoton ba zai haɗu a kan mai karatu ba.

Siffanta mutum ya fi na wuri tarko. Jerin gashi, goshi, gira, ido, hanci, baki har zuwa ƙafa ba ya zama a ƙwaƙwalwa, domin ba haka muke ganin mutane ba. Abu biyu ko uku muke kamawa, sauran mu cike da kanmu. Ki zaɓi ɗaya daga jiki, ɗaya daga sutura, ɗaya daga ɗabi'a. A sutura, halin da take ciki ya fi sunanta magana: shadda ce, amma karin gugar ya fara cin wuyan rigar, hula zanna ce, amma gumi ya zagaye bakinta, mayafi ne, amma a kafaɗa aka saɓa shi. A jiki ki duba hannu kafin fuska. Kanta a tafin mai daka, baƙin mai a ƙarƙashin farcen makanike, jan lallen da ya tsaya a rabin farce saboda sabon farce ya turo, wanda duk mace ta san yana nufin an yi makonni da biki. A ɗabi'a kuma, mai gyara zaman hula kafin ya yi ƙarya, ko mai karkaɗa makullin mota a gaban mutane. Ki guji tsayar da jaruma a gaban madubi tana lissafa kyanta, babu mai yi wa kansa haka. Kuma ina roƙonki da gaske, ki daina ɗaura kyau a kan farar fata kaɗai. 'Yan mata ƙanana suna karanta ki, kuma kina ganin abin da mayukan bilicin suke yi wa fatar mutane a garin nan. Baƙa da wankan tarwaɗa suna da hasken da za a siffanta, sai dai ba a saba zama a kalle shi ba.

Ga motsin rai. "Ranta ya ɓaci", "gabanta ya faɗi", "hawaye suka wanke mata fuska" ba laifi ba ne, amma sun gaji. Mu kuma al'adarmu ta kunya da kara ta ba marubuci wata dama babba: mutanenmu ba sa faɗar abin da ya fi ci musu rai. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna ɗokinsa a gaban mutane. To ranar da ya dawo daga doguwar tafiya, me hannunta yake yi? Wataƙila ta amsa gaisuwarsa a taƙaice tana kallon gefe, amma ta tura ƙanwarsa ta kama zakaran da ake ta ajiya. Atisayen da ya fi kowanne wuya, kuma ya fi kowanne amfani, shi ne wannan: ki siffanta tsakar gida da hantsi ta idon matar da aka miƙa wa takardar saki da asuba. Kalma 120. Kada ki ambaci saki, ko miji, ko kuka, ko baƙin ciki. Za ki ga dole idonta ya sauka a kan turmin da ta zo da shi, da shanyar da ba ta bushe ba, da takalman yara a ƙofar ɗaki. Sannan ki sake siffanta wannan tsakar gidan ta idon amaryar da aka kawo jiya. In mai karatu ya gane halin kowacce ba a faɗa masa ba, hannunki ya fara faɗawa.

Lokaci ma yana cikin wuri. Kano ta watan Janairu dabam take da ta Afrilu, ta Afrilu dabam da ta Agusta. Da hunturu hazo yana rufe gari har daga nesa Dala da Goron Dutse su dusashe, leɓe ya tsage, faso ya buɗe, ƙura ta kwanta a kan komai ko an share da safe, mutane su kewaye mai shayi da rigunan sanyi. Da bazara zafi yana haura digiri 40, ana kwana a tsakar gida, ruwan randa ya zama abin nema, mangwaro ya cika kasuwa. Da damina hadari daga gabas yake haɗowa, iska mai ƙura ta riga shi isowa, mata su ruga kwashe shanya, kwatoci su cika su tumbatsa a kan titi. Ki yanke wa kowane babi watansa tun kafin ki fara, ki rubuta a gefe. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a sa jaruma tana rawar sanyi a babi na uku, bayan kwana biyu a labarin kuma a ce ruwa ya tare ta. Sa'a kuma da salla da inuwa muke auna ta: hantsi, azahar, la'asar, la'asar sakaliya, almuru. "Ana kiran magariba" ya zo da haskensa da sautinsa da yara masu komawa gida, abin da "ƙarfe shida da rabi" ba ya kawowa.

In labarinki ya koma baya, kowane abu da kika sa a titi sai kin tabbatar ya wanzu a shekarar. Wayar salula ta GSM ta shigo a 2001. Takardar naira dubu ta fito a 2005. Adaidaita Sahu a zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta bayyana, ɗan acaɓa kuma an hana shi ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013. Gadar sama ta Ƙofar Nasarawa a zangon Kwankwaso na biyu aka gina ta, tsakanin 2011 da 2015. Kafin 1973 fam da sule ake kashewa, kafin 1972 kuma ta hagu motoci suke bi. Labarin 2008 da babu ƙarar acaɓa a titunansa, duk Bakano da ya kai shekara talatin zai ji wani abu ya ɓace. Mutum ɗaya da ya rayu a zamanin, ki zauna da shi rabin sa'a ki tambaye shi me ake ci, me ake hawa, me ake ji a rediyo.

Wurin da ba ki taɓa zuwa ba, Dubai ko Landan ko cikin jirgin sama, ki taƙaita ƙwarai, ki tsaya kan abin da baƙo zai fara ji a jikinsa. Ki tambayi wanda ya je abin da ya ba shi mamaki da abin da ya dame shi, domin bidiyo ba zai gaya miki wannan ba. Mafi alheri dai ki dawo da labarin inda kika sani. Lungunan Kurmi da ƙamshin fatar dukawa, da Fagge, da tashar Unguwa Uku da asuba, ba a gama rubuta su ba.

Game da yawa: yawancin masu karatunki a waya suke, kuma sakin layi mai kalma 100 ya kusa cika fuskar waya. Ki tsawaita a wuri biyu, lokacin da aka fara shiga wurin da labari zai daɗe a cikinsa, da dab da wani babban al'amari, inda jinkirin yake ƙara fargaba. A tsakiyar faɗa ko gudu ko zazzafar magana, rabin jimla ya isa. A gajeren labari abin ya fi tsanani. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, kalma 1000 zuwa 1500 take karɓa, kin ga wuri ɗaya ba zai ci miki 200 ba. Don horar da hannu, ki rubuta siffantawa mai kalma 150, ki rage ta zuwa 60, sannan zuwa 25. Abin da ya tsira a ta 25 shi ne ƙashin bayanta. Sau da yawa ta 60 ce za ta shiga littafi, amma sai kin yi ta 25 za ki san abin da ba a taɓawa.

Ki tsara makonki haka: zaman kallo sau uku, atisayen ido uku ko na aikatau sau biyu, rana ɗaya kuma ta gyaran tsohon babi. Ki riƙe wannan mako shida kafin ki auna kanki. Wajen aunawar, ki karanta da ƙarfi, don Hausa a kunne ake gane tuntuɓenta, kuma littattafanmu da yawa ta rediyo suke isa ga jama'a. Ki samu mutum biyu, ɗaya mai karanta littattafai, ɗaya wanda bai damu da su ba. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, kara za su yi miki. Ki karanta musu shafin, ki rufe, ki ja wata hira ta minti biyar, sannan ki ce su faɗa miki abin da ke cikin ɗakin da kuma halin da mai ɗakin take ciki. Abin da dukansu suka tuna ki bar shi. Abin da babu wanda ya tuna ki sa masa alama, ki duba ko yana yi wa wani babi na gaba aiki, in ba ya yi ki cire. In kuma suka kawo wani abu da ba ki rubuta ba, a ce sun ga fitilar ƙwai alhali ba ki ambace ta ba, kada ki ƙara ta a shafin, bayanin da kika bayar ya riga ya isa.